Kibiyoyin da Baba Ya Goge

Baba,

Ina gaisuwa da fatan kuna lafiya. Ya ƙafar taka?

Don Allah a aiko min da kwalin nan na ƙarƙashin gadona, mai guntayen duwatsu talatin da na huda na ciro daga tsaunin bayan gari. Saura wata uku in miƙa bincikena a jami'a, kuma a kansu ya dogara.

'Yarka.

*

'Yata,

Bayan gaisuwa, ƙafa da sauƙi. Da na samu mai zuwa zan aiko.

Na tarar kin yi musu zane-zane da jan alƙalami. Magini irina ba ya miƙa aiki da datti, sai na sa burushi da kananzir na goge su tas. Shekara biyu ba mu ga ƙeyarki ba, amma duwatsu kin tuna da su!

Babanki.

*

Baba,

Ina gaisuwa. Da na karanta wasiƙarka sai da na yi kuka.

Idan narkakken dutse ya huce, ƙwayoyin ƙarfen cikinsa kan daskare suna fuskantar arewa, kamar allurar kamfas. Ko ƙasa ta gusa daga baya, su suna nan yadda suke. Da haka muke gane inda nahiya take zaune a zamanin da. Kibiyar da na zana ita ke nuna yadda kowane guntu yake a jikin tsauni kafin in cire shi. In babu ita, dutse ne kawai.

Ba laifinka ba ne. Ban taɓa zama na faɗa maka abin da nake yi ba. Ka bar kwalin.

'Yarka.

*

'Yata,

Na gaishe ki, kuma ki yafe mini. Gyara na so yi, na ɓata.

Jiya na dogara sanda na hau tsaunin, da guntu ɗaya a aljihu. Ramukanki suna nan. Shekara arba'in ina fasa dutse, na san karaya ba ta komawa sai ta fuska ɗaya. A rami na tara ya zauna daram.

Saura ashirin da tara. Ki taho da kamfas ɗinki da jan alƙalamin. Da wannan ƙafar tawa zai ci mu mako biyu, kuma ba na sauri.

Babanki.