Allonka Ya Dawo, Kai Ba Ka Dawo Ba

Zuwa ga maigidana, Abu Salma,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan wannan saƙo ya same ka a duk inda Allah Ya ajiye ka. Wayarka a kashe take tun ranar da aka ce ka ɓata a kan dutsen ƙanƙarar nan na ƙasar Suwisra, shi ya sa na zo na rubuta a shafin da kake saka hotunanka, inda abokanka suke gani. Su karanta, ban damu ba. Kunya ta bar ni tun makonnin baya.

Ga abin da ya kawo ni. Yayanka Hamisu ya ce ranar Alhamis za a jera kujeru a ƙofar gida, a ja fitilu, a zauna makokinka yadda ake yi a nan Jidda. Ya ce daga ranar ni kuma in shiga takaba. Ni ban san ka mutu ba. Shi ma bai sani ba. Babu wanda ya ga komai da idonsa.

Ka tuna shekarar da kafilinka, ubangidanka na aiki, ya fara haɗa ka da ɗansa Fahad, ka raka shi hutun sanyi? Tuƙi aka ce za ka yi da ɗaukar jaka. Na yi ta dariya, na ce mutumin da aka haifa a Ammariyya, cikin zafin Jidda, wanda in na ƙara ƙarfin mukayyif, na’urar sanyaya ɗaki, sai ya jawo bargo yana mita, shi ne za a kai cikin ƙanƙara. Ka dawo fuska ta ƙone da sanyi, zagayen ido kaɗai ya tsira saboda tabarau, bakinka kuma bai sake rufuwa ba. Ashe Fahad ya gaji da zamiya a kan ƙanƙara shi kaɗai, ya sa an ɗaura maka allo a ƙafa, kai kuma ka same shi kamar da shi aka haife ka.

Tun daga nan gidanmu ya zama makaranta, ni ce ɗaliba ta dole. Ina tankaɗen garin tuwo wata rana ka zo ka tsugunna, ka karɓe kwanon. Ka ɗora murfin roba a kan garin, ya zauna. Ka ɗora wuƙa, ta nutse. Ka ce: “Shufi, duba nan, Ummu Salma, ƙanƙara iri biyu ce. Akwai wadda injin ya daddanne ta yi tauri, wannan siririn allo take so. Akwai sabuwa wadda ta sauka da dare, laushi kamar garin nan, tana iya kai mutum ƙirji. Ita sai faffaɗan allo mai ɗagaggen hanci, ka koma baya da nauyinka, ya ɗauke ka a sama. Ka shige ta da siriri, halas, shi ke nan, hanci ya nutse, kai ma ka bi shi.” Na fizge kwanona, na ce to malam, an ji, a bar min garina mutane su ci abinci.

Sau nawa ka maimaita min wannan karatun? A wurin cin abinci, a mota, har a hanyar Makka. Ina yi kamar ba na ji, alhali duk ya zauna.

Da ka samu naka faffaɗan, kore, na hannu, mai ƙarzuwa a gefe, sai ka ba shi saman kabad ɗina, ka sauko min da akwatunan aure ƙasa. Salma takan sa ka sauke shi, ta tsaya a kai bisa darduma ta ware hannuwa, kana rera shi da ƙafa kana cewa yalla, yalla. Na taɓa ce maka da allon nan yana magana da ni da shi mun raba gari. Ka ce ai shi ba ya faɗa.

Fahad ya dawo. Ya zo gida da kansa, na yaba masa da wannan. Ya zauna a majalisi, ɗakin baƙi, da Yaya Hamisu yana kuka kamar ƙaramin yaro, ya kawo akwatinka da wata doguwar jaka. Yaya ya yi masa godiya, ya ce Allah Ya saka da alheri da ya dawo mana da kayanka. Aka shigo min da su ciki. Na zuge doguwar jakar, sai ga koren allonka.

Tun a waya an gaya mana ƙanƙara ta kwana tana sauka kafin safiyar da kuka fita. Kowa a gidan nan allo kawai ya gani, abin tunawa. Ni kaɗai na san abin da nake kallo. In wannan yana ɗakina, to me ke ƙafarka?

Na tsaya a bayan ƙofa na tambayi Fahad, ban bi ta kan Yaya ba. Ya ce nasa siririn ne a ƙafarka. Tun safe yake nutsewa yana faɗuwa, sai ka kwance naka ka ɗaura masa, ka karɓi nasa, ka ce masa: “Kai amana ne a hannuna, ni na iya, ba komai.” Kuka bar hanyar da aka yi wa alama, kuka gangara ta cikin itatuwa. Ya isa ƙasa, ya juya, ya yi ta jira. Masu ceto suka fita da karnuka da dogayen sanduna, wata ƙanƙarar ta sake saukowa ta rufe sawu. Yanzu sun ce sun tsaya, sai ta narke idan zafi ya shigo.

Ina jin haushinka, kuma zan faɗa a gaban kowa. Ka sani. Kai ka koya min. Da ka ce masa ku koma masauki ku sha shayi, wa zai kama ka? Da ka ce yau ba ranar fita ba ce. Amma ina, an samu sabuwar ƙanƙara, ranka ya biya, ga kuma halinka na ba a roƙonka abu ka hana. Ka tuna da amanar kafili. Mu da ka bari a gida, a unguwar Waziriyya, amanar wa ce? Ban riƙe Fahad a zuciya ba, yaro ne, an miƙa masa ya karɓa. Kai nake nema in yi wa faɗa, kuma ba ka nan.

Na aika aka tambayi limamin unguwa. Ya ce matar wanda ya ɓata ba ta takaba sai an tabbatar, ko kuma ta jira shekaru alƙali ya yanke. Yaya Hamisu ya ce wane tabbaci ya wuce wannan, mutum ba ya rayuwa a ƙarƙashin ƙanƙara. Ba mugunta yake yi ba. Ya rame. Yana so a yi maka salla, a yi maka sadaka, mutane kuma daga unguwar Karantina har Makka suna ta bugowa suna tambayar ranar da za su zo. Ya ce ina hana ka addu’ar jama’a. Wannan maganar ta soke ni, domin in gaskiyarsa ce, na cuce ka.

In kuma gaskiyata ce fa? Fasfo ɗinka da iƙamarka, takardar zamanka a ƙasar nan, suna cikin akwatin nan. Ina ganinka a wani asibitin ƙauye, ba takarda, ba ka jin yarensu, ba su san sunan da za su rubuta ba. Ina ganin wani tsoho mai shanu ya tsince ka ya kai ka bukkarsa, hanya ta toshe. Na san yadda wannan yake a kunnen mai hankali. Amma yaya zan zauna a raba gahawa da dabino a kanka, sannan ka turo ƙofa?

Kullum da safe sai in ɗauki kwalli in tsaya. In na sa, wataƙila na yi ado a cikin takaba. In na ajiye, na binne ka da hannuna. Maƙwabta ma sun rasa gaisuwar da za su yi min. Wata ta shigo ta buɗe baki za ta ce ya haƙuri, sai ta haɗiye, ta ce ya gida. Salma ta tambaye ni ko kujerun da ake magana na biki ne. Na ce mata ta je ta yi wasa.

Ba ni da ƙarfin hana Yaya. Gidan ɗan’uwansa ne, shi ne babba, kuma ranar Alhamis kujerun za su zo. Na gaya masa zan dafa, zan yi shimfiɗa, zan karɓi mata. Abu ɗaya ne ba zan iya ba. Duk wadda ta ce min ya haƙuri, ba zan ce da godiya ba, domin ranar da na amsa, na yarda.

Idris. Ban taɓa kiran sunanka a gaban mutane ba, yau na kira. Na gaji, wallahi na gaji. Ba na iya kuka yadda ya kamata, ba na iya jira yadda ya kamata. Na yafe maka allon, na yafe maka komai. Ka fito kawai. In da ranka, ka sa wani ya buga, ko numfashinka na ji zan gane. In babu, ka bari su same ka, in san abin da nake.

Ya Allah, Kai Ka san inda yake, babu abin da ke rufe maKa bawanKa. In yana raye, Ka ɗumama shi, Ka tura masa mai taimako, Ka dawo mana da shi. In Ka karɓe shi, Ka gafarta masa, Ka sa ƙarshensa bai yi tsawo ba, Ka narkar da abin da ke kansa a kawo shi a yi masa sutura kamar kowane Musulmi. Amin.

Wassalam.

Matarka, har yanzu,
Ummu Salma