Wayar da Ke Gadin Shalele

Talata

Baban Shalele,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ya aiki, ya ƙurar wurin fasa dutsen naku? Gwiwar da kake kuka da ita ta yi sauƙi? Allah ya ƙara lafiya.

Na san za ka yi mamakin ganin rubutuna a takarda. Ni ma da na riƙe biro sai na ji kamar aron hannun wata na yi. Kada hankalinka ya tashi, yarinya tana nan ƙalau, ga ta a ƙarƙashin teburin yanka yadi tana ɗinka wa ’yartsanarta riga da ƙyallayen da na zubar. Wayata ce aka sace.

Jiya ne, a cikin bas, muna dawowa daga sayen zare. Cunkoso ya yi yawa, hannuna ɗaya na riƙe da Shalele, ɗayan da leda. Da muka sauka na ga zif ɗin jakata a buɗe. Na zazzage komai a bakin titi kamar mahaukaciya, mutane na tsallake ni. Wani dattijo ya ce in yi haƙuri, waya ce kawai.

Kai ka san abin da ke cikinta. Farin maɓallin nan da ke manne a damtsen Shalele yana nan yana auna sugan jininta, amma ba shi da wanda zai gaya wa. Shekara biyu ke nan ban taɓa ba ta abinci ko allura ba sai na duba wayar, ban taɓa runtsawa ba sai na tabbatar tana kusa da kunnena, don ta yi ƙara idan sugan ya faɗi. Yanzu shiru. Ban san shiru yana da nauyi haka ba.

Mai Kitso, maƙwabciyar shagona, ta miƙo mini wayarta ta ce in kira ka. Na karɓa, na ɗora yatsa, na tsaya. Baban Shalele, ban san lambarka ba. Duk shekarun nan da muka yi tare. Ban san ta Yaya ba, ban san ta nas ɗin da ke duba mu ba. Lamba ɗaya ce tak a kaina, ta marigayi Baba, wadda muka haddace tun muna yara. Mai Kitso ta yi dariya ta ce ita ma ba ta san ta mijinta ba, amma ita da gangan ne. Na so in taya ta dariyar, ta ƙi fita.

Mun sauke manhajar da ke karanta maɓallin a wayarta, ta nemi kalmar sirri. Kai ka saka ta, ni ban taɓa tambaya ba. Na yi ta gwada duk abin da ya zo mini har ta kulle. Na je ofishin masu layi, suka ce layin da sunanka aka yi rajista, sai da izininka a rubuce.

Na tono tsohuwar na’urar huda yatsa a ƙasan durowa. Batirinta ya mutu, mai gyaran agogo ya sa mini sabo. Mai kemis ya ce irin tsinkenta na ɗiga jini sun daina zuwa, ya tattara ragowar da ke gare shi ya ba ni, ba su da yawa, dole in riƙa tattali. Shalele kuwa ta manta da huda yatsa. Da ta ga allurar ta ɓoye hannayenta a hammata tana kuka, sai da na danne ta da gwiwa. Ni da ita duka mun jiƙe da gumi.

Da safe na je asibiti, nas ta sake koya mini lissafin allurar insulin, abin da wayar ke yi mini kullum. Tana bayani ina gyaɗa kai.

Zan ba direban da ke kai muku kayan abinci wannan takarda, matarsa ta ce gobe zai tashi. Na san ba ku da sabis sai ka hau tudu ranar hutu, kuma ko ka hau ba za ka same ni ba. Don Allah ka aiko mini da kalmar sirrin, da lambarka, da takardar izinin layin. Ka rubuta da manyan baƙaƙe.

Shalele ta ce in gaishe ka, wai kada ka manta da farin dutsen da ka yi mata alkawari.

Taka,
Maman Shalele

Juma’a

Baban Shalele,

Sallama da gaisuwa. Ina fata kana lafiya, kuma takardata ta farko ta iso hannunka. Ka yi haƙuri da rubutun nan, a kan cinyata nake yi, a bencin asibiti. Zan fara da abin da ya fi muhimmanci: tana raye, ta farfaɗo, ta gane ni. Yanzu ka zauna ka karanta sauran.

Jiya da hantsi na yi mata allura, na ba ta shayi da biredi. Ta ci rabi ta ce ta ƙoshi. Na so in auna ta, na duba tsinken na ga saura kaɗan, na ce bari in bari sai azahar. Muka tafi shago, ina da rigunan ’yan makaranta da za a karɓa kafin hutu ya ƙare.

Ta yi ta tsalle-tsalle da ’ya’yan Mai Kitso a baranda. Can sai ta shigo tana ƙunƙuni. Na ba ta ƙyalle ta wurgar. Na ce ta zauna, ta ture kwandon zare, ya watse har ƙofa. Ka san Shalele ba ta haka. Amma ni kaina a ɗaure yake, na daka mata tsawa na ce ta shiga ƙarƙashin tebur ta ba ni wuri. Ta shiga. Na ci gaba da taka keke.

Ina ɗinkin nan kunnena na jiran ƙara. Wallahi jira nake, ban ma sani ba. Zuciyata na ce mini tunda ba a ji komai ba, ai lafiya. Sai da zaren keken ya tsinke na sunkuya neman almakashi, na ga ƙafarta. A miƙe take, takalmi ɗaya ya fita.

Na jawo ta. Rigarta sharkaf da gumi, jikinta sanyi ƙalau, idanunta a buɗe amma ba ni suke kallo ba. Na kira ta, ta motsa baki ba magana. Ka san me hannuna ya fara yi? Lalube jaka. Yarinya na kan cinyata a sanƙare, ni ina neman wayar da na san babu ita.

Ihun da na yi ne ya kawo Mai Kitso a guje, da matar da take yi wa kitso, rabin kanta a tsefe. Na ce sukari, ku ba ni sukari! Mai shayin bakin layi ya kawo gwangwaninsa gaba ɗaya. Mai Kitso ta kawo lemo za ta ɗura mata, na tuna nas ta ce idan ba ta iya haɗiya kada a ɗura mata komai, na buge hannunta. Na jiƙa yatsa na dangwali sukarin ina goga mata a cikin kumatu, ina kiran sunan Allah, ina kiran nata.

Kowa ya zaro waya, kowa na tambayata wa za a kira. Na saɓa ta a kafaɗa na fita titi ba takalmi. Motoci na wucewa, ban san sanda na tsaya a tsakiyar hanya ba. Wata mai motar kai kaya ce ta taka burki, ta fara zagina, da ta ga yarinyar sai ta buɗe mana ƙofa. Har muka iso ban tambayi ko wace ce ba, kuma ba ta tsaya na yi mata godiya ba.

Sun sa mata ruwa a jijiya. Ina tsaye ina kallon hannunta, har na ga yatsunta sun motsa sun kamo gefen zanen gado. Da ta buɗe ido abin da ta fara cewa shi ne, “Mama, ina takalmina?” Sai na zauna a ƙasa.

Likita ta ce sukarin da na goga mata ya taimaka, amma za su riƙe mu su ga yadda za ta kwana. Sun ba ni sabuwar na’urar huda yatsa mai tsinke isasshe. Duk da haka ko leƙa bayi na tafi sai in dawo da gudu in sa kunne a hancinta.

Ina jin tsoro, Baban Shalele. Ina tsoron gida, ina tsoron shago, ina tsoron in juya mata baya. Idan za su ba ka izini, ka taho.

Matarka,
Maman Shalele

Laraba

Baban Shalele,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, ina yi maka sannu da aiki da kuma fargabar da na jefa ka a ciki. Direba ya kawo amsarka da komai da komai. Ya ce da ka karanta ta biyun sai da ka zauna a kan taya. Na fahimci ba za su sake ka ba sai ƙarshen wata. Allah ya kai mu.

An sallame mu. Yaya ta zo, Mai Kitso ce ta je har gidanta ta ɗauko ta. Yaya ta ba ni tsohuwar wayarta mai tsagaggen gilashi, an dawo mini da layi, nas ta manna wa Shalele sabon maɓalli ta haɗa su. Kalmar sirrin taka kuwa, sunan da kake tsokanata da shi tun kafin aure? Allah ya shirye ka. Duk duniya shi ne ban gwada ba.

Akwai abin da nake so ka sani, ba zan iya jira har ka hau tudu ba. Kafin mu bar asibiti ina taje mata kai, na tambaye ta ko ta ji wani abu a jikinta ranar nan kafin ta kwanta. Ta ce e, tururuwa sun zo. Na ce wace tururuwa? Ta taɓa leɓenta. Wai duk lokacin da sugan zai faɗi sai ta ji kamar tururuwa na yawo a leɓenta, gwiwoyinta su yi taushi. Wai kullum haka take ji, tun da daɗewa.

Na ce, “To me ya hana ki gaya mini?”

Ta ce, “Ai waya ce ke faɗa. Na yi ta jira ta faɗa.”

Na ajiye matajin. Ashe ranar nan mu biyu ne muke jira, ni a kan keke, ita a ƙarƙashin tebur.

Na riƙe fuskarta na ce daga yau ko ina salla, ko ina barci, ko ina faɗa da mai kaya, idan tururuwa sun zo ta ja zanena. Ta ce ko wayar ba ta yarda ba? Na ce ko ba ta yarda ba.

Ba zan ɓoye maka ba, tsoron bai tafi ba. Wayar na wuyana cikin ’yar jakar da na ɗinka mata, amma yanzu ko ta yi shiru ban yarda da shirun ba, sai na leƙa fuskar yarinya. Lambarka na sa Shalele ta haddace tare da ni, muna rera ta kamar karatu a hanyar shago. Ta riga ni iyawa.

Ɗazu da rana ina guga, na ji an ja zanena. Ta ce, “Mama, sun zo.” Na duba wayar, lambar sugan ba ta yi ƙasa sosai ba. Na kalli wayar, na kalli yarinya, na ɓalle mata lemo. Ta zauna a bakin ƙofa tana sha, ƙafafunta na lilo, ni ina tsugune gabanta ina ƙirga numfashinta. Ta kusa shanyewa sannan wayar ta fara ƙara a ƙirjina.

Shalele ta cire kwalbar daga baki, ta dube ta, ta ce, “Kin makara.”

Na yi dariya har Mai Kitso ta leƙo. Daga nan na shiga bayan labulen gwaji na toshe bakina da rigar mutane na yi kuka mai isata.

Ka kula mana da kanka. Ka gaishe da abokan aikinka. Muna nan muna duban hanya.

Taka har kullum,
Maman Shalele