Ƙoramar Rami na Tara

Zuwa ga Mushe Abdu, kamar yadda ake kiranka da Faransanci,

Gaisuwa irin wadda muka saba. Na san takardar nan ba za ta iso ka ba, inda kake babu masinja. Da ma ko kana raye, sai ka gama gyara mini rubutu kafin ka ji maganar.

Bari in tuna maka ko ni wane ne, tunda 'yan kulob ɗin golf sun manta. Na sauka Yamai daga Maradi da tabarma ɗaya da aji biyu na kwalej. Na yi dakon itace a kasuwar Katako har na buɗe rumfata. Yau kamyo biyu na ɗaukar kaya gare ni da gida a Yantala, ba kawu, ba minista, ba Bature. Golf ɗin ma da ido na koya, ranar da na kai musu katakon rumfa na tarar da manya suna bin ƙwallo kamar ƙwan zabo cikin rana. Kai kuwa maigidanka na biro, wato ofis, shi ya bar maka tsofaffin sandunansa da zai koma Faransa, ya haɗa maka da tsoronsa.

Tsoro mana, Abdu. Me za a kira shi? Ga rami can tsakiyar baƙin yashi, tuta na kaɗawa, ga busasshiyar ƙorama a gabansa. Namiji ya zaro doguwar sanda ya nufi tuta. Kai sai ka tsaya duban iska, ka ɗauki gajeriya, ka ajiye ƙwallo a bakin ƙorama a hankali kamar mai ajiye takarda a teburin kwamanda. Bugu biyu inda ɗaya ya isa, wai kai mai dabara. Shekara ashirin kana komi, akawun gwamnati, ba ka taɓa sa hannu a takarda ba sai wani ya fara sawa. Haka ka yi wasanka.

Ka tuna ranar kofin 'yan bibbiyu, da muke karɓa-karɓa da ƙwallo ɗaya? A rami na tara, na ƙarshe, muna kunnen doki da likitan nan Bature da abokinsa, kuma ni ke da bugu. Ka matso kana raɗa mini in ajiye a baki. Ko kallonka ban yi ba. Ƙwallon ya haye ƙorama ya tsaya taku biyu daga rami, kai kuma ka tura shi ciki, abin da ko kakata za ta iya. Mu ne 'yan ƙasa na farko da suka ɗauki kofin nan.

To ga labari. Makon jiya suka kafa allon sunayen waɗanda suka ci kofi a bangon kulob. Naka ne kaɗai, da farin fenti. Sakatare ya ce kai ne mamba, ni baƙonka ne a littafinsu. Baƙo! Shekara uku da samun mulkin kai, ni ne baƙo a Yamai? Katakon allon ma daga rumfata ya fito.

Iyalinka lafiya. Hajara ta fita takaba, ta aiko mini da jakar sandunanka. Na ce me zan yi da kayan tsoro, amma na karɓa.

Akwai abin da ban taɓa gaya maka ba. Ran nan, kafin rami na tara, sau uku na jefa mu cikin ƙaya da duwatsu, sau uku ka sauka da farin wandonka ka fiddo mu. Tun da muka kai ka makwanci ni kaɗai nake wasa. Ranar Lahadi na tsaya gaban ƙoramar nan, na sa hannu a jaka, sai ga gajeriyar sandarka a hannuna. Na ajiye a baki, Abdu. Ba wanda ya gani. Kada ka yi murmushin nan naka. Ba wai ka yi gaskiya ba ne, mai sauka ya fiddo ni ne babu.

Ba zan ce a goge sunanka daga allon ba. Amma gobe zan je da mai fentina, a sa nawa a layi ɗaya da naka, kuma nawa a gaba, tunda ni na haye. In sun ƙi, in ɓamɓare allona in tafi da shi.

Allah ya jiƙanka, ya sa can ma ka haye lafiya, ko da bugu biyu ne.

Ni ne abokin wasanka,
Garba Mai Katako. Haka za su rubuta shi, kada su rage ko harafi ɗaya.