Kafin 'Yan Biko Su Zo

Assalamu alaikum Yaya Sani,

Ina gaisuwa. Ya aiki, ya iyali, ya jikin Umma ƙarama? Mu muna lafiya, sai tsadar nan.

Yaya, ƙanwarmu Hadiza ta sake yin yaji, ido a kumbure, hannu ba ya ɗaguwa. Ƙaramar hukuma ta buɗe ofishin taimakon matan da ake duka, na kai ta. Suka ce sai da takardar mai unguwa. To, mai unguwar kawun mijinta ne, shi ma zai zo biko ranar Juma'a. Ka san Baba, kunya ba ta barinsa ya ce wa babba a'a.

Don Allah ka kira Baba. Ka gaida kowa, a sa mu a addu'a. Inna har ta fara ninke wa Hadiza kaya.

Ƙanwarka,
Binta