Katin da Na Goge

Litinin, 4 ga Maris, 1963
Na gwada sabon jirgin saman yau. A ƙafa dubu arba'in sandar tuƙi ta yi rawa a hannuna, daƙiƙa biyu, ta daina. Na rubuta a katin da ke ɗaure a cinyata, yadda aka koya mana: duk abin da ka ji ka rubuta, ko atishawa ce. Da na sauka na goge, na kwafi sabon kati na miƙa. In na faɗa za a tsare jirgin wata guda. Ga shi ran ashirin da biyu za a zaɓi masu zuwa sararin samaniya, sa'o'in tashina kuma ba su cika ba.

Laraba, 6 ga Maris
Gobe Vernon Tackett zai tashi da jirgin. Tare muka koyi tuƙi. Ya tambaye ni halin jirgin, na ce lafiya lau. Ya doki kafaɗata: "In ka riga ni zuwa wata ka ɗago min hannu, baƙauye."

Alhamis, 7 ga Maris
Jirgin ya ƙwace masa, ya fice da lemar saukowa. Yana da rai. Ƙashin baya ya karye, wuri biyu.

Talata, 12 ga Maris
Kanar Brandvold, shugaban masu binciken hatsarin, ya tambaya ko na lura da wani abu. Na ce a'a, ranka ya daɗe. Ko ƙifta ido ban yi ba. Ashe na iya.

Lahadi, 17 ga Maris
Asibiti. Lorna, matar Vernon, ta yi ta godiya da na zo. Shi kuwa idonsa na kan rufi: "Na yi ta juya abin, Hollis. Ina ga ni na ja sandar da ƙarfi." A kan haka za a rufe binciken. Na gyara masa matashi. Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Juma'a, 22 ga Maris
Sunana ya fito cikin waɗanda aka zaɓa. Matata ta gasa kek, ban ci ba, na ce cikina ne.

Litinin, 25 ga Maris
Tsohon katin na aljihun rigar tashi, ban san me ya hana ni yar da shi ba. Sawun fensirin na nan in ka karkata shi a haske. Na bi na sake rubutawa. Ba wai na yanke wata shawara ba ce. Na dai nemi sakatariyar Kanar ta ba ni lokacin ganinsa, ƙarfe takwas gobe. Ta yi murmushi, ta ce ai shi ma yana nemana ya taya ni murna. Na ce ta faɗa masa ya dakata tukuna.