Tudun Garinmu a Cikin Kwamfuta

Ƙanwata,

Ina gaisuwa. Ya jikoki, ya bayan naki? Ni lafiya lau, ƙafa ce kawai ke gardama, ɗakin kuma shiru.

Albishirinki! A wurin aikin autata sun zuba tudun garinmu cikin kwamfuta, har mutum ya yi yawo a ciki. Sai na ga sun sa rafi gabas da gidanmu, alhali yamma yake. Na ce, "Yaushe ya yi ƙaura?" Na ɗauko tsohon littafina na aikin safiyo, wato awon ƙasa, aka duba, aka gyara. Shugabansu ya ce, "Baba, mun sara maka."

Jiya a cikin kwamfutar na hau tudun har ƙoli, ba sanda. Kabarin Inna ne kawai babu. Ki sa a auna mini taku nawa ne daga rijiya zuwa kabarin, don su saka shi.

Allah ya haɗa fuskokinmu.

Yayanki