Bencin da Umma Ta Zauna

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan kai da iyali kuna lafiya. Na rubuto ne don a waya ka iya lallashi, ni kuwa na gaji da shi.

Na ga likitan da ka haɗa ni da shi. Ya ce ƙullutu ne mai jini a ƙashin bayana, ba kansa ba ce, wato ciwon daji. Wai ya yi kusa da laka, aiki zai yi haɗari, sai dai gashi da na'ura. Sai aka nuna mini ɗakin gashin. Yaya, ɗakin nan ne na ƙasa da muka riƙa kai Umma. Bencin da Umma ta zauna yana nan, har ƙusar da ta yaga mata zani. Sun zana mini layi da tawada a baya, irin wanda aka yi mata a wuya, suka ce kada in wanke.

Kai ka koya mini abin da zan ce mata: "Ba kansa ba ce, ɗan ƙullutu ne." Na yi ta maimaitawa har ta rasu. Yanzu ka kira likita kafin in shiga, ya karanto mini maganar nan sak. Don Allah, wata nawa ya ce ya rage mini?

Ka huta lafiya.
Ƙaninka, Auta

Auta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Kai dai tun kana yaro in ka kafe sai Allah.

Na kira likita ne don kada a bar ka a layi. Na'urar ɗaya ce, da masu kansa da irinka duk ita ke yi musu, shi ya sa ɗakin ɗaya. Na Umma daban: ya riga ya ci jikinta, muka ɓoye mata don tausayi. Naka ba ya kisa, amma in ka bar shi ya danne laka, ƙafafunka za ka rasa. Tela kuwa da me zai taka keke? Wallahi tallahi ba kansa ba ce. Ka je gashinka.

Ka gaida matarka da yara.
Yayanka

Zuwa ga Yaya Babba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ka yi haƙuri da rubutuna, matar ƙaninka ce.

Da ya karanta wasiƙarka dariya ya yi, ya ce haka ka rantse wa Umma a gabansa. Ranar ya sa soso ya wanke zanen, bai ƙara komawa asibiti ba. Wai ba zai ƙare kwanansa a kan benci ba. Yanzu kullum yana shago yana ɗinka wa yara kaya manya-manya, na baɗi da na baɗin baɗaɗa, yana jerawa a akwati. Jiya na ga ƙafarsa ta zame daga fedar keken ɗinki, sai da ya sa hannu ya mayar da ita. Na yi kuka har na gaji. Yaya, ka zo, tsoro nake ji.

Allah ya bar zumunci.
Maman yara

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Da fatan ka koma gida lafiya. Ka yafe mini rufe maka ƙofa da na yi.

Bayan tafiyarka na sa aka ɗauke ni zuwa wani asibiti inda ba wanda ya san ka, na hana kowa shiga da ni. Likitar ta duba hoton, ta ce ba kansa ba ce. Gaskiya ka faɗa. Ta ce zan ga girman yarana, in Allah ya so. Game da ƙafafun kuwa, sai ta tambaye ni me ya hana ni zuwa da wuri.

An mayar da ni asibitin farko, an sake zanen. Gobe zan fara gashi. Ba sai na zauna a bencin ba, da kujerata mai taya ake tura ni.

In ka samu mai son keken ɗinkin, ka sayar. Ka nemo mini na hannu.

Ka huta lafiya.
Auta